Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sarakunan Zango da Limaman Kumasi kan maganar katof da zaɓen kwas a jami'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe sarakunanmu, Allah ya gafarta malamai, ina gaisuwa irin ta ɗa ga iyayensa tare da fatan kuna lafiya ku da iyali da jama'a. Ni ba kowa bane, ɗaya ne daga cikin samarin da ke yi ma yara lesin da yamma a nan Aboabo, kuma na san a al'ada ba a yi ma manya magana a bainar jama'a, sai dai maganar nan ta shafi kowane gida ne daga Asawase zuwa Sawaba zuwa Tafo zuwa Ayigya, shi ya sa na ga gara in rubuta ta inda iyaye ma zasu gani, in da kuskuren lafazi a yi min afuwa.

Maganar ita ce, mutanenmu da yawa har yau suna ɗauka shiga jami'a abu ɗaya ne, wato yaro ya ci jarabawa ya shiga ko ya faɗi ya zauna gida. Wallahi ba haka bane. A jami'a ɗaya, a shekara ɗaya, akwai kwas, wato fannin karatu, wanda yaro mai A1 a komai zai nema a ce masa babu wuri, akwai kuma kwas ɗin da mai C4 da C5 zai shiga ba tare da ya roƙi kowa ba, kuma rashin sanin wannan bambancin yana cinye mana yara duk shekara fiye da yadda faɗuwa jarabawa ke cinye su.

Bari in ɗan warware lissafin don na san wasu iyayenmu makarantar allo suka yi ba sukul ba, kuma babu wanda ya taɓa zama ya yi musu bayani. Yaro in ya rubuta WASSCE, wato jarabawar gama sakandare, kowane darasi ana bashi maki daga A1 zuwa F9, A1 lamba 1 ce, B2 lamba 2, B3 lamba 3, haka har C6 lamba 6 a yawancin jami'o'i. Jami'a tana ɗaukar darasi 6, uku daga na dole wato Turanci da lissafi da sayens ko soshiyal, uku daga ilektib, wato darussan zaɓi da yaron ya karanta, sai a tara lambobin, abin da ya fito shi ne agirigeti. A nan ƙaramar lamba ita ce babba, wanda ya samu 6 shi ne ya cinye duka, wanda ya samu 36 shi ne na bakin layi. D7 kuwa ko hukumar jarabawa ta WAEC ta kira shi fas, jami'ar gwamnati bata karɓarsa don digiri, kuma wannan D7 ɗin a lissafi yana kashe mana yara da yawa, ko a 2025 waɗanda suka samu A1 zuwa C6 a lissafin dole a duk Gana basu kai rabi ba. To 36 ɗin nan da ake faɗa izini ne kawai na sayen fom, ba alkawarin wuri bane, kowane kwas yana da nasa katof, wato iyakar agirigetin da za a ɗauka a kwas ɗin, kuma tsakanin wani katof da wani akwai tafiya mai nisa.

Ku duba Tek ɗin nan, wato jami'ar KNUST, da ke bakin ƙofarmu. Likitanci a KNUST a shekarun nan katof ɗinsa 6 ne, babu ƙari, ma'ana B2 guda ɗaya tak ta isa ta fitar da yaro daga layi, kuma ko masu 6 ɗin sun fi kujerun yawa sai an sake tacewa. Famasi da lauya da wasu ɓangarorin injiniya irin su lantarki da kwamfuta suna nan kusa da shi, 6 ne ko 7 ko 8. A Legon ma, wato Jami'ar Gana da ke Accra, likitanci da lauya basa kaiwa 10, kuma mai neman likitanci bayan agirigeti sai ya zauna wata jarabawar ya kuma fuskanci intabiyu kafin ya ga asibitin koyarwa na Korle Bu. Amma a cikin wannan Tek ɗin dai, in ka juya wajen noma da albarkatun daji da kiwon kifi da harsuna da ilimin addinai zaka ga katof ya sauko sha wani abu har ashirin da wani abu, haka ma digirin Ats a Legon. Yaro mai B2 uku da B3 uku yana da 15 kenan, yaron kirki ne mai ƙoƙari wanda ya cancanci a yanka masa kaza, amma in ya cika fom ya sa likitanci na farko, famasi na biyu, lauya na uku saboda haka baba da kawu suka ce, to kuɗin baucar nan ta sayen fom sadaka ya yi da su, kuma zai zauna gida shekara guda yana jin kansa dolo alhali akwai kwas fiye da ashirin da zasu ɗauke shi da gudu.

Abin da nake so ku taya mu fahimtar da jama'a shi ne katof ba ma'aunin darajar ilimi bane, ba kuma ma'aunin wahalar karatun bane. Kamar farashin rago ne gab da Layya, masu so sun yi yawa kaya kaɗan sai ya hau. Shaida kuwa, fiziks da lissafi zalla suna cikin karatun da suka fi kowanne ƙona kai a jami'a, amma shigarsu ta fi shiga lauya sauƙi nesa ba kusa ba, don kawai ba a rububinsu. Likitanci kuma kujerunsa ba zasu taɓa yawa ba, tunda ba a aji kaɗai ake koyonsa ba, sai da gadon asibiti da majinyaci da babban likita da zai tsaya kan ɗalibi, ko asibitin Komfo Anokye da girmansa akwai iyakar ɗaliban da zai iya ɗauka a lokaci guda, ga kuma hukumar likitoci da ke sa ido kan adadin. Ajin tarihi ko soshiyoloji kuwa in an samu babban ɗaki da lasifika an gama, mutum ɗaruruwa zasu zauna. Sai kuma Free SHS, wato karatun sakandare kyauta, da aka fara a 2017, wanda alhamdulillahi ya shigar da yaranmu da yawa sakandare, rukunin farko suka fito a 2020, yanzu duk shekara sama da yara dubu 400 ke rubuta WASSCE, amma makarantun likitanci na gwamnati har yanzu ana ƙirga su da yatsun hannu ne, Legon da Tek da Cape Coast da UDS a Tamale da UHAS a Ho. Masu nema sun ninka, kujera bata ninka ba.

Ranku ya daɗe, inda abin ya fi yi min ciwo shi ne yawancin yaranmu ba a ranar rizal ɗin WASSCE suke rasa likitanci ko injiniya ba, tun suna JHS 3, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, suke rasa shi, ranar da aka basu takardar zaɓen sakandare da kwas su kai gida. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 zai kawo takarda, baba yana kasuwar Kejetia ko yana kan hanyar Bawku da lori, mama tana bakin tukunyar waakye tun asuba, sai a ce masa je ka cika kawai ko malaminku ya cika maka, shi kuma ya bi abokansa ya zaɓi Ats ko yarinya ta zaɓi Hom Ikonomis don an ce ya fi sauƙi. Bayan shekara uku sai a tashi da maganar muna so ta zama dokta. Ta ina? Likitanci yana son darussan sayens irin su kemistiri da bayoloji da fiziks, injiniya ba ya yiwuwa sai da fiziks da lissafin ilektib, wanda bai karanta su ba ko ya zo da A1 takwas fom ɗin ma ba zai karɓe shi ba. An shigo da sabon tsarin karatun sakandare a 2024 da aka ce ya ɗan sassauta haɗa darussa, to madalla, amma jami'a dai abin da take nema a kowane kwas shi zata ci gaba da nema.

Ga kuma maganar wace sakandaren. Kowa ya san sayens a Prempeh ko Opoku Ware ko Yaa Asantewaa ko Presec ba ɗaya yake da sayens a makarantar da ɗakin gwajinta kwalabe ne babu komai a ciki ba, kuma masu 6 ɗin nan da ke cika ajin likitanci yawancinsu daga irin waɗancan makarantun suke fitowa. Kwamfutar da ke raba yara zuwa makarantun sakandare tun 2005 tana bin makin BECE ne, wato jarabawar gama JHS, kuma akwai kashi 30 cikin 100 na kujerun manyan makarantun da aka ware ma yaran da suka fito daga makarantun gwamnati, irin waɗanda yawancin yaran Zango ke zuwa, amma iyaye nawa ne a cikinmu suka san da wannan balle su ƙarfafa ma yaro ya gwada? Muna da namu ma, T.I. Ahmadiyya da Islamic SHS da Sakafia da Azhariyya, in da masu kuɗinmu zasu zuba ma ɗakunan gwajin sayens na makarantun Musulunci rabin abin da ake zubawa a yayin aure da suna, da lissafin ya canza. Ban ce a daina biki ba, ni ma ina cin jollof ɗin.

Wani abin kuma da ya kamata a faɗa ko da ba daɗi, mu a Zango sana'ar boko uku muka sani, dokta, lauya, nas, sai kuma injiniya in an matsa. Duk abin da ba waɗannan ba sai a ce to me zai zama in ya gama? Ni kuma sai in ce ku duba hannun wa cinikin shanu yake a Mayanka, hannun wa albasa da goro da hatsi suke a kasuwannin garin nan, su waye rabin masu gyaran mota a Suame Magazine? Mu ne. Amma likitan dabbobin da zai duba shanun ba namu bane, wanda ya karanta harkar noma da kasuwancinsa ba namu bane, mai digirin injin mota ba namu bane. Likitan dabbobi ana karanta shi a Tek da Legon, shekara 6 ne kamar na mutane kuma shigarsa ta ɗan fi sauƙi. Akwai awon jini da gwaje-gwajen asibiti, akwai duba ido, akwai hoton ƙashi, akwai mataimakin likita, akwai abinci da lafiyar jiki, akwai awon ƙasa da tsara gari, wanda in da muna da su da yawa da ba a riƙa zana taswirar unguwanninmu ba mu a wajen ba. Akwai ma'adinai a UMaT ta Tarkwa. Yaran da suka haddace Alƙur'ani suka iya Larabci kuwa, Legon tana da Larabci a sashen harsuna ana haɗa shi da wani darasin, kuma ba ya cikin masu tsananin katof, amma sai mu bar yaron yana ganin Larabcinsa ba shi da kasuwa a boko.

Kuma shiga da wuya ba shi ke nufin fita da sauƙi ba, wannan ma a gaya ma iyaye. Lauya misali, yaro ya sha wahala ya samu 7 ya shiga ya yi shekara 4 ya fito da LLB, wato digirin shari'a, bai zama lauya ba tukuna, sai ya bi ta makarantar lauyoyi, kuma mun ga abin da ya faru a 2019 da mutum 1,820 suka zauna jarabawar shiga makarantar lauyoyin da ke Makola a Accra, 128 kacal suka tsallake, har ɗalibai suka fita zanga-zanga a Accra. Likita shekara 6 ne sannan aikin horo na shekara 2 kafin ya tsaya da ƙafarsa, gidan da ke jiran yaro ya fara kawo kuɗin cefane da wuri ya kamata ya san wannan tun farko. Nas kuma da muke tura 'yan matanmu kamar babu wani abu sai shi, kowa a unguwa ya san wata da ta gama ta yi hidimar ƙasa tana zaune shekaru tana jiran fostin. Ban hana kowa ba, aiki ne mai albarka, amma a shiga da ido buɗe.

Akwai hanyoyi da dama da yaran Tonawa, wato Ashanti, makwabtanmu suka sani suke bi mu bamu sani ba, ba don sun fi mu kai ba sai don a gidansu akwai wanda ya riga ya bi hanyar. Kwas ɗaya a Tek, in a harabar Obuasi ka nema katof ɗin yakan fi na Kumasi sassauci. Abin da ya gagara a Legon yana iya samuwa a Cape Coast ko UDS ko Winneba, amma yaro sai ya sayi fom ɗaya tak ya kwanta a kai don shi dai a ce yana Legon. Tek tana da tsarin ɗaukar yara masu ƙoƙari daga makarantun da basu da galihu, Legon tana ɗan sassauta ma mata a wasu kwasa-kwasan. Wanda lissafi ko Turanci ya kayar akwai Nobdek, wato WASSCE ta masu zaman kansu, ya gyara darasi ɗaya ko biyu ya haɗa rizal. Wanda ya kai shekara 25 akwai hanyar manya, jarabawa zai zauna, wannan ya shafi samarinmu da yawa da ke zaune a bes, wato majalisar hira, suna shan ataya suna ganin jirgi ya riga ya tashi. Mai son likitanci da gaske da bai samu 6 ba yana iya yin digirin sayens ya fito da sakamako mai kyau ya nemi shiga ta hanyar masu digiri, Legon tana yin wannan. Kwalejojin malamai tun 2018 digiri suke bayarwa na shekara 4, folitaknik ɗin da muka raina tun 2016 aka fara mayar da su jami'o'in fasaha, ga ta Kumasi nan a tsakiyar gari, mai babbar difloma ta HND kuma yana iya ɗorawa ya cike digiri.

Sai hanyar biyan cikakken kuɗi, wadda in yaro ya kusa katof bai kai ba ake bashi wuri amma ya biya ninkin abin da sauran ke biya, a likitanci kuɗin ba na talaka bane sam. A nan ne bambancin mai shi da mara shi yake fitowa fili, yara biyu maki ɗaya, ɗan mai kuɗi ya saka farar riga, namu ya koma gida. Wasu kuma su sayar da fili su tura yaro China ko Rasha ko Yukren, mun ga yadda yaƙin 2022 ya dawo da ɗalibai gida karatu a rabi, kuma ko an gama lafiya sai an ci jarabawar hukumar likitocin Gana kafin a taɓa majinyaci, ba kowa ke tsallake ta a karon farko ba. Na ƙarshe kuma su ne 'yan ina da mutum a ciki, waɗanda ke fitowa duk lokacin adimishan su karɓi kuɗin bazawara da sunan furotokol su kashe waya. Wannan kam ya kamata a ji shi a huɗuba da sunansa, cuta ce kuma cin hanci ne daga ɓangaren mai bayarwa ma.

To abin da nake roƙo ba gini bane ba kuma taro da kanofi da kujeru da baƙo na musamman ba. Ku kuke da abin da mu bamu da shi, in Sarki ya kira iyaye zasu zo, in Liman ya faɗa ranar Juma'a an ji. Ina roƙon sau biyu a shekara, lokacin da 'yan JHS 3 zasu zaɓi makaranta da lokacin da jami'o'i suka buɗe sayar da fom, a ware wuri a manyan masallatanmu bayan La'asar, a kira yaranmu da ke Tek da sauran makarantu, 'yan GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Gana, suna nan kuma na tabbata ba zasu ƙi ba, su zo da katof ɗin bara na kowane kwas a buge a takarda, su zauna da yaro da mahaifinsa ko mahaifiyarsa a lissafa agirigeti a gabansu da Hausa, a ce ga abin da makinka zai iya saya, sa babban burinka na farko, sa wanda kake da tabbas a kansa na ƙarshe, kar ka cika layin duka da kwas masu 6. Aikin minti ashirin ne ga kowane yaro. A sa mata a ciki don Allah, 'yan matanmu da suka yi sayens suka fito su ne zasu iya shawo kan uwar da ke tsoron karatun shekara 6 zai hana 'yarta miji.

Maganar kuɗi kuma, gwamnati ta fara ɗauke kuɗin karatun shekarar farko a makarantunta tun 2025, ga bashin ɗalibai, ga Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, ga asusun ilimi na Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, Allah ya ƙara masa lafiya, amma duk waɗannan sai wanda ya sani ya nema, kuma babu ɗayansu da zai hana yaro rasa wuri saboda kuɗin bauca na biyu ko kuɗin rajistar Nobdek ko hostel. Waɗannan ƙananan kuɗin su ne zakkar attajiri ɗaya a Alabar zata iya ɗauka ma yara hamsin. In za a tara, ina ba da shawara kar a ce sai mai karatun likita kaɗai za a taimaka ma, don abin da muka saba kenan, mai 6 kowa na son a ɗauki hoto da shi, mai 18 da ya samu noma ko koyarwa babu mai tambayarsa ya ya ƙare.

Ayigya Zango titi ɗaya ne ya raba ta da Tek, makarantar nan tana wurin tun 1952, kakanninmu da yawa sun yi gadi da leburanci a cikinta, iyayenmu mata suna sayar ma ɗalibanta koko da ƙosai a Tek Junction har gobe. Ba zai gagare mu mu san katof ɗin kowane kwas da ke cikinta ba. Mu masu lesin a Aboabo da Asawase a shirye muke mu kawo takardun mu yi lissafin kyauta, abin da muke jira kawai a bamu rana da wuri, kuma a sanar a masallaci mako biyu kafin nan don iyayen da ke tafiye-tafiyen kasuwa su samu su halarta.

Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya ƙara ma malamanmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
wani mai koyar da lesin a Aboabo, Kumasi